Zakirai, Inda Ake Sayen Abin da Muke Biya a Kwashe

Sau biyu a mako wani yaro yakan turo baro ƙofar gidanmu a Kano, ya yi sallama, ya ce a kawo shara. Kafin ya ɗauka sai an yi ciniki. Shi ya ce bokitin ya cika har ya yi tozo, Umma ta ce ai rabinsa ganyen darbejiya ne marar nauyi. A ƙarshe ta ba shi abin da ya sawwaƙa, ya tura baronsa ya sha kwana. Tun ina firamare nake kallon wannan ciniki, amma ban taɓa tambayar kaina inda sharar take kwana ba. Sai a hutun da ya wuce, da Umma ta aike ni Zakirai wurin yayanta, na je na tarar da ita a can. In ma ba tamu ba ce, to 'yar uwarta ce.

Daga Yankaba na hau mota, muka bi titin Haɗeja. Lokacin bazara ne, zafi ya kai zafi, hadari yana taruwa da yamma yana watsewa. Da muka fita daga cikin gine-gine muka shiga ƙasar Gezawa, sai na fara ganin gonaki fayau, an share su, an zuba wani abu baƙi tsibi-tsibi a jere kamar an auna da igiya. Taki ne. Sai dai wasu tsibin suna ƙyalli a rana, iska kuma tana ɗaga fararen abubuwa daga kansu tana rataye su a jikin ƙaya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga ina leƙe, ya ce, “Sharar birninku ce, samari. Da kuɗi aka kawo ta.” Na ɗauka zolaya ce.

Zakirai ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, gabas da Kano, a hanyar da za ta kai mutum Ringim ta Jihar Jigawa. Tafiyar ba ta da nisa, wajen awa guda ce idan direba bai yi ta tsaye-tsaye ba. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun haura 200,000. Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne babu daji. Daga wannan gona sai waccan, daga wannan rukunin gidaje sai wancan, iyaka kawai ce ta ciyawa ko ta lalle ta raba su. Itatuwan da ke tsaye, su kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo, kowanne da mai shi. A makaranta an koya mana cewa manomi yakan bar gona ta huta shekara biyu ko uku ta yi saura. A nan babu filin da za a yi wannan alfarma. Gonar da ta ba da gero bara ita za ta bayar bana, haka kuma take yi tun zamanin kakanni. Ƙasar jigawa ce, yashi ya fi yawa, ba ta riƙe ƙarfi da kanta. Idan ba a ciyar da ita ba, ba za ta ciyar da kowa ba.

Washegari da sassafe Kawu ya tashe ni, ya miƙo mini buhu. Na zaci hatsi za mu ɗebo. Sai muka bi ta bayan gida, inda turken awaki da tumaki yake, ya tsaya yana nuna mini. Duk abin da aka share a tsakar gida, toka da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da ragowar karan da dabbobi suka tattake, nan ake zubawa. Da damina dabbobin a ɗaure suke don kada su shiga shuka, ana yanko musu ciyawa. Da kaka a tara musu harawa da karmami. Abin da suka ci daga gona shi suke mayarwa a turke, da bazara kuma a kwashe a mayar da shi gona a amalanke ko a mangalar jaki. Na duba gidan nan kaf ban ga abin da za a kira bola ba. Ba wanda ake biya ya kwashe shara, domin in ka ba da ita ka ba da abincin baɗi.

Matsalar ita ce takin gida ba ya isa. Kawu yana da gonaki uku, turkensa kuwa da ƙyar yake rufe ɗaya. Takin zamani ya yi tsadar da buhu guda sai an yi shawara da iyali. Shi ya sa bana ya haɗa kuɗi da maƙwabcinsa suka sa aka kawo musu shara cikin tifa daga birni. Ya ce waɗanda gonakinsu ke bakin Kano sun fi su samu, domin kuɗin mai ne yake cinye cinikin. Kowane kilomita da tifa ta ƙara, farashi ya ƙaru.

Wannan ciniki tsoho ne. Akwai wani masanin labarin ƙasa Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya dawo Jami'ar Bayero. Tun a shekarun 1960 ya yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano, yana son ya gane yadda mutane masu yawa haka suke noma fili ɗaya kowace shekara ƙasar ba ta mutu ba. Cikin abin da ya bayyana har da jakunan da suke shiga birni da itacen girki da amfanin gona, su fito da taki a mangala. Birni ya ci abin da ƙauye ya noma, ƙauye ya karɓi abin da birni ya zubar. A wancan zamani sharar gidan Bakano ba ta wuce toka da kashin dabbobi da ganye da ragowar tuwo ba. Kosai a ganye ko a takarda ake ƙunshe shi, cefane a kwando, ruwa a randa. Duk abin da ya je juji ruɓewa yake yi.

Da muka isa gonar na gane amfanin buhun da aka ba ni. Kawu ya sa manjagara ya baje tsibi ɗaya, ya ce, “To ɗan boko, bismilla. Duk abin da ka san ƙasa ba za ta ci ba, tsince shi.” Na durƙusa. Ledar fiyawata ta fi komai yawa, sai baƙar leda, sai ledar madara da ta omo da ta taliyar yara. Akwai guntun silifa, murfin kwalba, gashin doki na kitso, ƙunzugun jarirai na zamani. Na tsinci batiran rediyo da suka fashe, na tsinci fasasshiyar kwalba. Da na ɗago wani sirinji da allurarsa a jiki, sai Kawu ya karɓe shi da kara biyu, ya haƙa rami a gindin iyaka ya binne. Yaransa biyu da suke taya mu, ɗaya ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, ba takalmi a ƙafarsu. Kafin rana ta take mun cika buhu huɗu, kuma ko sulusin tsibin ba mu taɓa ba.

A ƙarƙashin tarkacen kuwa akwai baƙar ƙasa mai laushi mai ɗumi, wadda ko ni da ban iya noma ba na san ta alheri ce. Wannan ita Kawu ya saya. Sauran kyauta ce aka haɗo masa da ita, bai roƙa ba.

A nan ne na fara lissafin yadda muke biyan kuɗin shara a birni. Tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a cikin birnin Kano hukumar jiha ce ta fi ɗaukar nauyin, wato REMASAB, mai motocin da kuke gani suna kwasar bola. Gidajen da ke unguwanni irin su Nasarawa da Bompai da yawansu suna da yarjejeniya da kamfanoni masu zaman kansu: a ajiye durom a ƙofar gida, mota ta zo ta juye, a biya a wata. Otal-otal da manyan shaguna da masana'antu su ma haka suke yi, kuɗinsu ya fi na gida. A kasuwa 'yan tebur da masu rumfa sukan haɗa kuɗin mai shara. Mu kuwa na cikin lunguna, inda mota ba ta shiga, sai yaro mai baro. Shi aikinsa ya kai ta bolar unguwa. Daga bola zuwa bayan gari gwamnati ce take biya daga baitulmali, wato kuɗin kowa da kowa, har da na mutumin Zakirai. A Legas abin ya fi tsari a takarda: hukumar LAWMA tana ba 'yan kasuwa lasisi, a raba musu unguwanni, su kawo wa gida takardar biya gwargwadon irin ginin.

Duk waɗannan hanyoyi abu ɗaya suke saya, wato a ɗauke sharar daga gaban idonmu. Ba wadda take tambayar me ke cikin bokitin. Gidan da ya cika durom da ganye da toka, da gidan da ya cika shi da leda da kwalba, kuɗinsu ɗaya. Tunda ba wanda zai rage maka ko sisi don ka ware, ba wanda yake warewa. Aikin warewar bai ɓace ba, gaba kawai aka tura shi. 'Yan jari-bola sun ɗauki nasu kason, ƙarfe da gwangwani da robar da za ta sayu. Abin da ba shi da kasuwa shi ya iso gonar Kawu, kuma shi da 'ya'yansa suke biyan kuɗin da gwiwa da yatsu.

Wasu ƙasashen sun juya lissafin. A Koriya ta Kudu, tun 1995, ba a karɓar sharar gida sai a cikin wata jaka ta musamman da hukuma take sayarwa a shaguna. Kuɗin jakar shi ne kuɗin kwashewa. Mai yawan shara ya sayi jaka da yawa, abin da aka ware domin a sake sarrafawa kuma a ɗauka kyauta. Ruwanda ta bi ta wata hanyar, ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta biyo baya a 2017. Ni dai ban ga yadda tsarin Koriya zai zauna a lungunmu yadda yake ba. Ranar da aka ce sai ka sayi jaka kafin a ɗauki shararka, rabin unguwa za su jira dare su zuba a kwata, damina ta zo ruwa ya shigo mana ɗaki. Wanda yake neman na cefane ba zai sayi jakar shara ba. Amma akwai abin da muke da shi da su ba su da shi: masu saye suna nan a bakin gari da kuɗinsu a hannu. Kawu ya ce da zai sami tifar da babu leda a cikinta, zai ƙara kuɗi a kan abin da ya biya, kuma da murna. Idan haka ne, sharar da take ruɓewa ai kaya ce, bai kamata a caje ta daidai da wadda ba ta ruɓewa ba. Ana iya ɗaukarta a rahusa ko kyauta daga gidan da ya ware, a bar cikakken kuɗi a kan leda da kwalba. Ko yaron baro zai fi son haka, domin ya sami abin sayarwa.

Kada in ɗora wa birni laifin duka. Da yamma na zaga cikin Zakirai, na ga ledar fiyawata a bakin tasha da bayan shaguna kamar yadda take a Kano. Jujin garin, wanda manoma suke ɗiba, shi ma ya fara fari. Matar Kawu ta ba ni labarin tunkiyarta da ta yi ta ramewa bara, ana ba ta dusa da harawa tana ƙi, cikinta kuma a kumbure. Da aka ga za ta tafi a banza aka yanka. Mahaucin ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta, ya murɗe kamar igiya. Tunkiyar da ake kiwo domin kuɗin makarantar yaran ce.

Na tambayi Kawu me yake yi da buhunan da muka cika. Ya ce ƙonawa, duk da ya san hayaƙin ba shi da kyau, shi ya sa yake jira iska ta juya daga wajen gidaje. Abin da ya kuɓuce wa tsinta kuma huɗa ce take binne shi. Ya tona gefen kunyar bara da ƙafa ya nuna mini: wata baƙar leda ce kwance a ƙasa, saiwar gero ta zo kanta ta lanƙwashe ta bi gefe.

Ranar da zan dawo aka ɗaura mini tsaraba, wake da kuka da daddawa. Kawu ya rako ni bakin titi, ya ce, “Ka gaida Ummanka. Ka ce mata tokar murhunta da ɓawon doyarta ina so, ledarta kuma ta riƙe abarta.”

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Umma ta yi dariya, ta ce yayan nata bai sauya hali ba. Amma da Asabar ta zagayo, bokiti biyu na gani a zaure, ɗaya na ganye da toka da ragowar abinci, ɗaya na leda. Yaron ya zo ya dube su, ya ce tunda bokiti biyu ne kuɗin biyu za a ba shi. Aka yi ciniki aka daidaita. Sannan ya ɗaga na farko ya juye a baro, ya ɗaga na biyu ya juye a kansa, ya tura ya sha kwana.