Damagaram: Daga Majema zuwa Ɗakin Amarya



Duk wanda ya taso daga Yamai ya nufi gabas, sai ya ci wajen kilomita 900 kafin ya hango manyan duwatsun Damagaram. Gari ne mai tarihi. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma nan ne babban birnin ƙasar Nijar a zamanin Turawa har zuwa 1926. Amma baƙon da ke son sanin garin, bayan ya gaida fada, to ya leƙa wajen majema da dukawa da masassaƙa, domin daga hannunsu kayan ɗakin iyayenmu suka fito.

Majema tun daga nesa hanci ke sanar da mutum ya iso. A nan ake jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kankare ta, sannan a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce ke hana ta ruɓewa. Bayan haka a shafe ta da mai, a yi ta murza har ta yi laushi. Jan launi daga karan dafi yake, baƙi kuwa daga kuloko. Fatar akuya ita ce abin nema, musamman ta jar akuyar Maraɗi, saboda laushi da ƙarko. Da ita ake tumtum da matashi da gafakar Alƙur'ani. Ta tunkiya ba ta kai ta ƙarfi ba, amma ita ce buzun malam. Kirgin sa kuma, da yake yana da kauri, shi ake yankawa tsiri-tsiri a ɗaure gado ko kujera.

Haka itace ma, kowane da aikinsa. In ka shiga tsofaffin sorayen Birni ka ɗaga kai, azarar giginya za ka gani, wadda gara ba ta cika yi mata komai ba. Ƙirya ta turmi da taɓarya ce, saboda tauri. Maɗaci, mai jan ciki, shi ne na gado da ƙofa. Aduwa kuwa ita ce allon almajiri.

Sai dai yau hannun agogo ya juya. Yawancin katakon da kafintoci ke aiki da shi daga kudu motoci ke kawo shi, domin ƙirya da maɗaci sun yi ƙaranci. Kujerun da ake jerawa a ɗakin amarya, sau da yawa farin katako ne mai taushi aka lulluɓe da leda mai kama da fata. In zafin bazara ya buge ta sai ta tsage, gara kuma ta gama da sauran. Uba ya ci bashi, kaya sun mutu tun ba a yaye ɗan fari ba. Saboda haka mai saye ya juya kujera ya duba ƙasanta, ya tambayi sunan itacen, ya shinshina fatar: ta gaskiya tana da ƙanshin jima, bayanta kuma ba yadi ba ne.

Akwai abin ƙarfafa gwiwa. A karkarar Mirriya da Magarya da Matamai, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tsiron itace a gonakinsu lokacin sassabe, har gawo ya sake rufe ƙasa. Abin da aka yi wa gawo ana iya yi wa maɗaci da bagaruwa, kuma mun san dasa itace sadaka ce mai gudana.

Sai batun fatar layya. A mazhabar Malikiyya mai layya ba ya sayar da ita. Ko ya yi amfani da ita, ko ya bayar. To amma sadakar da wuƙa ta huhhuda, ko aka yasar a rana har ta yi wari, wa za ta amfana? A feɗe a hankali, a zuba gishiri, a miƙa ta da wuri. Wataƙila ita ce gafakar wani yaro gobe.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da ƴaƴanmu lafiya a ɗakunansu. Amin.