Wani Jinkirin Alheri Ne: Ni Da Faifan Da Ya Ƙi Tashi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne in ba ku labarin wani abu da ya same ni a nan garinmu Illela cikin watan Janairun 2020, wanda har gobe in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Na ga ya dace in faɗa muku, domin kuwa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni dai malamin makaranta ne, Hausa nake koyarwa a sakandare, ban kuma taɓa zama ajin koyon kwamfuta ba. A 2016 na kwashi kuɗin adashi na tsallaka Birnin Ƙonni, wanda tsakaninmu da shi ba wata tafiya ba ce, na sayo kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Irin waɗanda ake kawowa daga Faransa ce, harafin A yana zaune inda muka saba ganin Q, sai da na yi makonni kafin yatsuna su saba. A cikinta na shafe shekara 3 ina rubuta wani ƙagaggen labari a kan rayuwar mutanen bakin iyaka, har ya kai shafi 240. Littattafan da na fara zayyana labarin da hannu kuwa, tun da na ga ya shiga na'ura sai na yi watsi da su, uwargida ta yi ta hura wuta da su ina gani ban ce uffan ba.

Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, ba ta aiki sai an jona ta da wuta. Wani dare ina tsakiyar gyaran babi na ƙarshe da wutar janaretan maƙwabcina, sai mai ya ƙare, kwamfuta ta ɗauke ɗif. Washegari da na kunna, sai tambarin Windows 7 ya bayyana, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa, haka ta yi ta yi. Mutumin da ya sayar mini da ita, wanda shi ke duba mini ita in ta yi gardama, yana Ƙonni, ga shi kuma gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa tun watan Agustan 2019. Akwai masu bi ta daji a kan babur, to amma ban ga hikimar in ɗauki wahalar shekara 3 in bi da ita ta barauniyar hanya ba.

Sai na nufi wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa. Yaron shagon ya ce abu mai sauƙi ne, sabon Windows za a sa. Ya ɗauko sabon faifan DVD ya ɗura mini, abin da suke kira bonin, ya kuma rubuta mini matakan da zan bi a 'yar takarda. Na biya, na dawo gida ina murna.

Bayan sallar isha'i na sa faifai na kunna. Na ji yana juyawa, can sai ya yi shiru, kwamfuta ta koma wa halinta na jiya. Da safe na koma shago, yaron ya ce sai na shiga BIOS. Ashe kowace kwamfuta tana da wata 'yar manhaja da ke fara farkawa in an kunna ta, ita ce ke duba inda za ta samo abin tashi bisa jerin da aka tsara mata, ko daga rumbun ajiya, ko faifai, ko filashi. In rumbu ne a sama, ba za ta waiwayi faifai ba. Maɓallin shiga wurin ya danganta da kamfani: a yawancin HP ana danna F10 don gyara jerin ko F9 don zaɓa kai tsaye, a Dell kuma F2 ko F12. Na shiga, na ɗora faifai a kan gaba, na adana, na sake kunnawa. Shiru kake ji.

Dare na biyu na ɗora laifin a kan ƙura, kasancewar lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Na sami auduga na goge ɗan idon da ke karanta faifai a hankali. Bai yi ba. Na sayi wani faifan, yaron ya sake ɗurawa, wannan karon a hankali, domin an ce gaggawar ɗuri tana ɓata faifai. Shi ma bai yi ba. Dare na uku ban runtsa ba. Wani abokin aikina har cewa ya yi ko dai baki ne ya kama littafin, tun da na cika ba da labarinsa a ɗakin malamai.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, Allah Ya haɗa ni da wani tsohon ɗalibina da ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato. Ya durƙusa ya gaishe ni, na kwashe labari na faɗa masa. Da la'asar sai ga shi da tasa kwamfutar. Bai ko taɓa tawa ba, faifan ya karɓa ya sa a tashi, ya duba, ya yi murmushi.

"Malam, wa yay yi maka wanga aiki?"

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Fayil ɗaya tilo ne a cikin faifan, sunansa ya ƙare da ISO. Ya bayyana mini cewa irin wannan fayil hoton faifai ne sukutum, an ƙunshe komai a cikinsa har da ɗan sashen da BIOS ke nema don ta tashi. In aka kwafe shi kamar yadda ake kwafe waƙa ko hoto, to yana nan a ƙunshe, BIOS ba ta iya kwance shi. Ya ce kamar manomi ne ya kai buhun iri gona ya binne shi a ɗinke, ya koma yana jiran tsiro. Abin da ya kamata shi ne a zaɓi umarnin ɗura hoton faifai, wanda tun daga Windows 7 yana nan cikin kwamfuta ba sai an nemo wata manhaja ba. Alamar an yi daidai kuwa ita ce in ka buɗe faifan ka ga fayiloli da jakunkuna da yawa. Ya ƙara da cewa a lura da girma, don CD megabayit 700 yake ɗauka, DVD kuma gigabayit 4.7, Windows 7 ba ya shiga CD.

Na ce to maza a gyara mu sa. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, ka kwashe rubutunka tukuna?"

Na ce, "Wace irin kwashewa kuma, ɗana? Ai yana ciki."

Ya karɓi 'yar takardar da yaron shago ya rubuta mini, ya nuna mini mataki na 5. An rubuta cewa in na iso wurin zaɓen rumbu in danna fomat. Ya ce ma'anar wannan a share duk abin da ke cikin rumbun, kuma in aka ɗora sabon Windows a kai, da wuya a sake samo abin da ya tafi. Jama'a, nan take zufa ta karyo mini duk da sanyin da ake yi. Wato da faifan nan ya tashi a daren farko, da ni da hannuna zan shafe littafina ina murna. Kwana uku ina tsine wa faifai, ashe shi ne ya tsaya tsakanina da asara. Lalle wani hanin ga Allah baiwa ne.

Ya ciro filashi mai ɗauke da Ubuntu, wata manhaja ta kyauta da ke iya tayar da kwamfuta daga filashin ba tare da ta taɓa abin da ke cikin rumbu ba. Cikin 'yan mintuna sai ga littafina lafiya lau. Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne nauyinsa bai kai na hoto ɗaya da ake ɗauka da waya ba. Bayan mun kwafe shi wuri biyu, ya ɗura sabon faifai yadda ya dace, muka sa, ya tashi tun a karon farko. Ya dai gargaɗe ni cewa a ranar 14 ga wannan watan kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7.

Na san da yawa daga cikin kwamfutocin yanzu ba su da ma wurin sa faifai, da filashi ake aiki. To amma darasin bai canja ba, domin ko a filashi ka jefa fayil ɗin ISO haka nan ba zai tashi ba, sai an bi da shi ta manhaja irin su Rufus. Haka kuma kwamfutocin da aka yi tun fitowar Windows 8 a 2012 suna da wani tsaro a cikin UEFI, magajiyar BIOS, wanda kan hana tsohon faifai tashi sai an sassauta shi. Saboda haka kafin ka yanke wa na'urarka hukunci, fara gwada faifan a wata kwamfutar, sannan jerin tashi, sannan idon faifai. Kafin duk waɗannan kuma, kwashe rubutunka.

Ya kai ɗan'uwa marubuci, mu da muke ƙasar Sakkwato bai kamata a koya mana wannan ba. Littattafan Shehu Usmanu da Malam Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun iso gare mu ne saboda almajirai sun zauna sun kwafe su da hannu, kwafi ya bazu gari-gari, in gara ta ci na wannan gida akwai na wancan. Ni kuwa da na'urar da ke kwafe littafi kafin ƙiftawar ido, na zauna da kwafi ɗaya tak shekara 3.

Yanzu duk babin da na gama sai na ajiye shi wuri uku: a filashi, a akwatin imel ɗina, da kuma a takarda cikin adakar uwargida, wadda ta yi alkawarin ba za ta sake hura wuta da shi ba. Da aka buɗe iyakar Illela a watan Disamban 2020, abin da na fara tsallakawa Ƙonni na sayo shi ne sabon batir. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in yana da rubutun da ke wuri ɗaya, kada ya kwanta yau sai ya yi masa ɗan'uwa. Allah Ya tsare mana wahalarmu, Ya sa mu dace. Wassalam.