Takun da bai tabbata ba

Wani malamin lissafi a garin Dakoro ya yi kwanaki yana neman kalma guda. Nufinsa ya bayyana wa ɗalibansa da Hausa yadda kwamfuta ke buga ces, wato darar nan ta Turawa mai gida 64, wadda a cikinta ne na'urar Deep Blue ta kayar da gwani Kasparov a 1997. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, irin wannan nema ya daina zama shagalin masu hutu.

Na'urar kan fara da jera duk abin da kowane ɗan dara zai iya yi. A farkon wasa hanyoyi 20 ne, idan abokin karawa ya mayar su koma 400. To, me za a kira ɗaya daga cikinsu? Faransanci kalma ɗaya gare shi ga wannan da kuma juyin mulki, aron da malamin bai yi marmari ba. "Motsi" ya yi faɗi, don ganye ma yana motsi. "Tafiya" ta yi nisa. Ya tsaya a kan "taku".

Inda gizo ke saƙa shi ne jerin kashi biyu ne. Yawancin masu tsara irin wannan manhaja kan bar na'ura ta tara kowane taku da ya dace da ɗabi'ar ɗan dara, daga baya ta zubar da wanda zai bar sarki a bakin halaka. Da fari ya rubuta "halal" da "haram", sai ya goge: kalmomi ne masu nauyi, kuma yaro zai zaci kashin farko laifi ne, alhali kuwa ba a riga an tantance shi ba ne kawai.

Wata la'asar ya tsaya wurin dattawa masu dara, gurbi 30 a cikin rairayi, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12. Wani ya ɗaga tsinkensa, ya kai shi bakin gurbi, ya ƙi saki. Abokinsa ya ce, "Malam Ɗan'azumi, ko ka aje ko ka mayar." Ya duba, ya ga zai buɗe gida, ya mayar.

Washegari malamin ya rubuta a allo: "takun hannu" da "takun ƙasa". Wata ɗaliba ta tambaya ko na hannu shi ne wanda ba a saki ba tukuna. Ya miƙa mata alli ta zo ta lissafa na doki.