Zanen Aro ko Rumbun Gayya? Darasin da Na Koyo a Gidan Dahala

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Da wannan karin magana na tashi, ban kuwa taɓa tsammanin akwai ranar da zan tsaya in sake auna ta ba, sai da aikin kundina na neman digiri ya kai ni ɗakin wani ƙanena, ɗan kawuna, a unguwar Gidan Dahala cikin birnin Sakkwato. Abin da na gano a can shi nake so in yi ɗan tsokaci a kai, domin a ganina ya shafi duk mai nazarin Hausa, malami ne ko ɗalibi.

Aikin nawa dai shi ne tattara kalmomin Sakkwatanci daga bakin tsofaffi, musamman kakata, wadda har gobe halshe take cewa ba harshe ba, sabka ba sauka ba, zamna ba zauna ba. Na shekara guda ina wannan aiki, har kalmomin suka haura dubu. Saura mako biyu in miƙa kundi, sai malamin da ke duba ni ya ce lalle in jera su bisa tsarin abacada. Hankalina ya tashi, na garzaya wurin ƙanen nan nawa, wanda sana'arsa ita ce rubuta manhajar kwamfuta da gina shafukan intanet ga masu shaguna da makarantu.

Nan da nan ya rubuta wa kwamfuta umarni, ta jera kalmomin. Da na duba sai gabana ya faɗi. Duk kalmar da ta fara da ƙ, ko ɓ, ko ɗ, an koro ta can ƙarshe bayan z, sai ka ce bare a gidan biki. Ya bayyana mini cewa kwamfuta lamba ta sani, ba baƙi ba. A tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 don ba kowane harafi na duniya lambarsa, lambar k ita ce 107, ta z 122, amma ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuwa 599. Wato ita bin lamba kawai ta yi, ba ta da laifi.

Na ce masa to ya zauna ya koya mata ƙa'idojinmu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wa zai tsaya haƙa rijiya alhali ga gulbi a gabansa?" Ya ƙara layi biyu kacal, ya kira wani abu mai suna ICU, ya ce masa Hausa ce. Kafin ƙiftawa da bismilla ɓ ta koma bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, har sh da ts suka sami gurbinsu na baƙaƙe masu zaman kansu.

Shi wannan ICU ɗaya ne daga cikin abin da zan kira rumbun umarni. Ma'ana, tarin umarnin kwamfuta ne da wasu suka rubuta, suka gwada, suka ajiye, don duk mai bukata ya ɗiba ya sa cikin nasa aiki ba tare da ya soma daga tushe ba. Kamfanin IBM ne ya buɗe shi ga jama'a a 1999, daga bisani a 2016 ya koma hannun ƙungiyar Unicode. Ƙa'idojin harsuna kuwa yana samo su daga wata taska mai suna CLDR, inda aka ajiye jerin baƙaƙen Hausa da sunayen ranaku da na watanni. Akwai irinsa da yawa: HarfBuzz shi ke tsara yadda haruffa za su haɗu da juna a fuskar waya, React wanda Facebook ya fitar a 2013 da shi ake harhaɗa sassan shafin intanet, Qt kuma da shi ake ƙera tagogi da maɓallan manhajar kwamfutar tebur.

Basakkwace ba ya bukatar dogon bayani kafin ya fahimci wannan tsari, domin haka dukanci yake a garinmu tun kaka da kakanni. Mahauci ya feɗe jan akuya, majemi ya jeme fata, mai turi ya sa mata launi, sa'an nan baduku ya ɗinka titimi ko jaka. Ba a taɓa cewa baduku ya gaza don bai jeme fatar da hannunsa ba. Sai dai fa in jima ta ɓaci, duk abin da aka ɗinka da fatar nan ya ɓaci. Haka abin yake a can ma. A watan Maris na 2016 wani marubucin manhaja ya janye wani ɗan guntun aikinsa mai layi 11, mai suna left-pad, daga ma'ajiyar npm, sai ga dubban ayyuka a duniya sun tsaya cik har sai da aka mayar da shi. Da na ji wannan labari sai na ce lalle zanen aro ya nuna halinsa.

Ba a jima ba nawa zanen ya gaza. Sakkwatawa na da wani sauti da masu nazari ke rubutawa da tc, kamar a tcintciya, inda daidaitacciyar Hausa ke cewa tsintsiya. Rumbun bai san da shi ba, sai ya cusa kalmomin cikin na t. Haka kuma kalmomi masu 'y suka warwatse, saboda alamar da wayata ke bugawa daban take da wadda kwamfuta ke bugawa, ga kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita. Ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, nan kam ilimina ya ƙare. Faɗa mini ƙa'idar, ni in rubuta." Muka raba dare a kan tabarma, ni da littattafan tsarin sauti, shi da kwamfuta, har muka daidaita jerin. Na miƙa kundi cikin lokaci.

A daren nan ne na gane abin da shekaru huɗu na karatu ba su nuna mini ba. Duk abin da rumbun ya sani game da Hausa, wani bawan Allah ne ya zauna ya zuba shi a ciki, abin da bai sani ba kuwa, ba wanda ya kai ne. Kuskuren da ɗalibi ya yi a kundinsa yana kwance a kanta ɗaya cikin ɗakin karatu, amma kuskuren da ya shiga rumbu yana bin kowace waya da kowane shafi da aka gina da shi, daga Sakkwato har Maraɗi. Gyara ma haka yake yaɗuwa.

Wannan ba sabon yaƙi ba ne. A cikin shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 ta taimaka wajen yaɗa su. Malamanmu kan ba mu labarin yadda suka riƙa bin takardun da aka buga da tafireta suna sa lanƙwasa da biro. Ajami ma, wanda da shi aka adana waƙoƙin Hausa na Nana Asma'u da sauran malaman jihadi, sai a 2020 Unicode ya ƙara wasu haruffan da Hausa ke bukata, ƙungiyar SIL kuma ta ƙera samfurin rubutu mai suna Alkalami bisa hannun marubutan Kano. Kowane mataki, wani ne ya tashi ya kai bayani.

Saboda haka nake ganin karin maganar nan tana da iyaka. Abu aro ne muddin ɗiba kaɗai kake yi, amma ranar da ka kai naka dami ya zama rumbun gayya, kana da haƙƙi a ciki. Ƙofa kuwa a buɗe take, domin kowa na iya aika wa masu kula da CLDR gyara tare da hujjarsa. Marubutan manhaja sun iya gini, amma ba su san inda tc za ta zauna ba, ko yadda ake sa alamar karin sauti da tsawon wasali. Wannan mu aka koya wa.

Daga ƙarshe ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai da mu riƙa leƙa sashen kimiyyar kwamfuta, mu kuma buɗe musu namu. Ni dai na bar wa ƙanena ƙa'idojin da muka tsara, ya ajiye su inda kowa zai iya ɗauka kyauta. Da na gaya wa kakata cewa yanzu kwamfuta ta san halshe, sai ta ce to in gaishe ta, in kuma ce mata akwai saura.