Sojan da Ya Ƙi Mutuwa

Richard Sharpe ya shiga sojan Ingila yana kurtu wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya kuma tsaya a filin Waterloo a 1815 yana laftanar-kanar. Tsakanin nan da can an zane shi da bulala a Indiya, an harbe shi, an sare shi da takobi, an kulle shi a kurkuku, mata sun so shi sun mutu ko sun gudu da kuɗinsa. Ba mutum ba ne na gaske. Bernard Cornwell ne ya ƙirƙiro shi, kuma tun daga 1981 ya rubuta littattafai sama da ashirin a kansa. Duk wanda ya ɗauki littafi na goma ya san Sharpe ba zai mutu a ciki ba, tunda ga na goma sha ɗaya can yana jira. To me ke riƙe mutum ya yi ta bin labarin da ya riga ya san gwarzonsa zai kai gaci?

Na karanta yawancinsu a waya, wasu kuma na saurara a kunne cikin cunkoson motoci. Bayan Sharpe na koma kan Patrick O'Brian, wanda ya rubuta littattafai ashirin cif kan kyaftin Jack Aubrey da likitansa Stephen Maturin, ya rasu a 2000 yana tsakiyar na ashirin da ɗaya. Kakansu duka shi ne Hornblower na C. S. Forester, wanda ya fara fitowa tun 1937. Duka ukun sun ɗora labarinsu ne kan yaƙe-yaƙen da Ingila ta gwabza da Faransa a zamanin Napoleon, ɗaya a tudu, biyu a teku.

Abin da ya fara kama ni ba jini ba ne, ba kuma jarumta ba. Aiki ne. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma wanda ke wannan sana'a ya san ciwon yin aikin da ba a gani. Sai ka kwana uku kana farautar kuskure guda, ka same shi, ka gyara layi biyu, babu wanda zai san an yi wani abu sai dai abin da ya kamata ya yi aiki ya ci gaba da aiki. A littattafan nan kuwa iyawa a fili take. Cornwell zai tsaya ya nuna maka yadda ake ɗura bindigar toka ta wancan zamani: soja ya ciji bakin ƙunshin albarushi, ya zuba kaɗan a wurin ƙyastu, ya juye sauran cikin bututu, ya tura harsashi da sandar ƙarfe, ya ɗana, ya harba. Wanda ya goge yana yin haka sau uku a minti ɗaya. Wanda bai goge ba sai ya manta sandar a cikin bututu ya harba ta tare da harsashin. Daga wannan ɗan bambanci ake samun wanda ya ci yaƙi da wanda aka ci. Sharpe kansa yana cikin masu koren kaya, masu riƙe da bindigar Baker, wadda aka yi wa zane mai murɗewa a cikin bututu don harsashi ya tafi saiti. Ɗura ta na cin lokaci, amma tana samun mutum daga nesan da bindigar gama-gari ba ta ko mafarki. Idan ka fahimci wannan, sai ka gane dalilin da ya sa ake tura su gaba su riƙa tsince hafsoshin abokan gaba ɗaya bayan ɗaya. Labarin yana tafiya bisa ƙa'ida, kuma marubucin ba ya karya ƙa'idar don ya ceci gwarzonsa. Mai rubuta manhaja ba ya ƙin irin wannan.

O'Brian ya fi tsanani. Ba ya ma damuwa ya yi maka bayani. Zai jefa ka cikin jirgin katako mai tafiya da iska, a yi ta kiran sunayen igiyoyi da ƙyallaye da sanduna da ba ka taɓa ji ba, kamar ranar farko a sabon wurin aiki inda kowa ke magana da gajerun kalmomin da su kaɗai suka sani. Dabararsa ita ce Maturin. Likitan gwani ne a fiɗa, masanin tsuntsaye da ƙwari, ɗan leƙen asiri kuma, amma bayan shekaru a teku bai iya hawa jirgi daga kwalekwale ba tare da ya faɗa ruwa ba. Idan ya yi tambayar wauta aka amsa masa, kai ma ka ƙaru. Zuwa littafi na huɗu sai ka tarar kana jin haushi idan iska ta juya, ba tare da an gaya maka abin da hakan ke nufi ba.

Sai dai iyawa kaɗai ba ta isa ta riƙe mutum littafi ashirin. Abin da dogon jeri ke da shi wanda littafi guda ba shi da shi, shi ne sabo. Aubrey da Maturin sun haɗu ne a wurin sauraren kiɗa a tsibirin Minorca a 1800, kuma saura ƙiris su ƙalubalanci juna da makami saboda Aubrey na buga gwiwarsa yana bin kiɗan, ba a kan daidai ba. Daga nan suka yi shekaru suna cin abinci a teburi ɗaya, da dare ɗaya ya ɗauki ƙaramin goge ɗaya ya ɗauki babba su yi ta kaɗawa. Sun taɓa son mace ɗaya. Aubrey zaki ne a teku, a tudu kuwa kowane ɗan damfara sai ya wanke shi, har ya riƙa ɓuya wa masu bin sa bashi. Maturin na fama da shan ruwan ofiyom yana yaudarar kansa cewa magani ne. Ba a littafi ɗaya ake sanin mutum haka ba. Sai ka ga ya maimaita halinsa sau biyar, sau shida, har ka daina mamaki ka koma cewa "ai ka san halin Jack", yadda ake faɗa game da ɗan'uwa. Haka Sharpe da sajensa Patrick Harper, ƙaton Ba'irishe mai bindiga mai bututu bakwai, wanda ke yi wa sarkin Ingila yaƙi alhali ba ya ƙaunar abin da Ingila ke yi wa ƙasarsa. Wanda ya bi Ertuğrul kashi bayan kashi har ya san dariyar Bamsi ya san abin da nake nufi. Ba don a ga ko za su ci nasara ake komawa ba, don a gaisa ake komawa.

Akwai kuma maganar matsayi, wadda nake jin ta fi taɓa ni. A sojan Ingila na lokacin sayen muƙamin hafsa ake yi da kuɗi, kuma ba a soke wannan tsari ba sai 1871. Ɗan mai hali yana iya zama kyaftin tun gemu bai fito masa ba. Sharpe ɗan titi ne, ya tashi a gidan marayu a Landan, ya zama hafsa ne kawai domin a labarin ya ceci ran Janar Wellesley, wanda daga baya ya zama Wellington, a yaƙin Assaye na 1803. Daga ranar ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko: hafsoshi na ganin bai iya riƙe cokali ba, kurata na ganin ɗan'uwansu ne da ya yi girman kai. Kowane littafi sai ya sake tabbatar da kansa a gaban wani wanda ya gaji kujera. Duk wanda ya taɓa zama a taron aiki yana kallon ana yaba wa wani kan abin da shi ya kwana yana yi, ba sai an fassara masa wannan ba. Maƙiyan Sharpe na ƙwarai ma ba Faransawa ba ne. Mafi muninsu, Saje Obadiah Hakeswill, kakinsu ɗaya.

Wani abu da ke ba ni dariya a matsayina na mai gyaran tsohuwar manhaja: marubutan nan su ma suna fama da abin da suka gada daga hannunsu. Cornwell ya fara ne daga tsakiya, daga yaƙin Talavera na 1809. Sai da ya kai Waterloo sannan ya koma baya, a 1997, ya rubuta ƙuruciyar Sharpe a Indiya, ya kuma riƙa cusa sabbin littattafai a tsakanin tsofaffi. Sakamakon haka akwai wata Lady Grace da Sharpe ya so kamar ransa a littafin Trafalgar, amma a littattafan da aka riga aka rubuta, waɗanda labarinsu ya zo bayan nata, ko sau ɗaya bai tuna da ita ba, domin lokacin ba a ƙirƙiro ta ba. O'Brian kuwa shekaru ne suka ƙare masa. Ya yi saurin cinye yaƙin a littattafan farko, da ya ga jerin ya karɓu sai ya tsayar da agogo: ya cusa tafiye-tafiyen da za su ci shekaru da dama, har da zagaya duniya, a cikin 'yan watannin 1813. Bai ɓoye ba, ya faɗa da kansa a gabatarwar ɗaya daga cikin littattafan. Masu karatu suka yafe. Mu ma haka muke yi wa manhajar da ta daɗe tana mana aiki.

Ba a ƙirƙirar mafi yawan abubuwan ban mamakin da ke ciki. Ƙaramin jirgin Aubrey da ya kama wani babban jirgin yaƙin Sifen a littafin farko, labarin Thomas Cochrane ne, wanda a 1801 ya yi hakan da jirgi mai igwa 14 da mutum 54, a kan mai igwa 32 da mutum sama da 300. Cornwell kuma yana rufe kowane littafi da ɗan bayani, inda yake cewa ga abin da ya faru da gaske, ga inda na ture wani na sa Sharpe a gurbinsa. Ni wannan shafin na fi ɗokin isa. Mutum ya yi maka ƙarya shafi ɗari uku, sannan ya zauna ya nuna maka ɗinkin.

Yanzu ga inda abin yake yi mini nauyi. A littafin farko na Indiya, Sharpe yana cikin rundunar da ta fasa Seringapatam a 1799, inda aka kashe Tipu Sultan, sarki Musulmi da ya tsaya wa Kamfanin Gabashin Indiya a wuya. Tarihi bai riƙe sunan sojan da ya kashe shi ba, sai Cornwell ya ba Sharpe wannan gurbi, har da kwashe duwatsu masu daraja daga jikin gawar. Kana karantawa, an gina labarin yadda za ka so Sharpe ya tsira, kuma kana so ɗin. Ban ga amfanin in yi kamar ba haka ba ne.

Abin bai tsaya a Indiya ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da Cornwell ya fi iya zanawa shi ne yadda dakarun ƙasa ke tsayawa murabba'i idan mahaya suka taho: sahu huɗu suna kallon kusurwa huɗu, na gaba sun durƙusa sun kafa wuƙaƙen bakin bindiga, na baya suna harbi. Doki ba ya yarda ya faɗa kan ƙarfe mai tsini, sai ya kauce, a harbe mahayin. A Waterloo haka mahayan Faransa suka yi ta zuwa suna karyewa, ni kuma ina karantawa ina jin daɗi. Wannan tsayuwar ce rundunar Turawa ta yi a bakin Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, wata guda da 'yan kwanaki bayan faɗuwar Kano, sai dai wannan karon da bindiga mai ruwan harsashi a cikin sahun. Mahayan da suka taho mata ba Faransawa ba ne. A watan Yuli na shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Yawancin waɗanda suka riƙe bindigogin ma baƙaƙe ne, da Hausawa a cikinsu, hafsoshin ne Turawa. Tun da na haɗa waɗannan biyun a raina, murabba'in Cornwell bai sake zame mini abin tafi kawai ba.

Ban daina karantawa ba, kuma ba na jin ya kamata. A gaskiya Cornwell ba ya wanke rundunarsa. Ya rubuta abin da sojan Ingila suka yi wa mutanen Badajoz a 1812 bayan sun fasa ganuwar, kwanaki suna fashi da fyaɗe a garin da suka ce sun zo ceto, bai rage komai ba. Amma komai adalcin marubuci, idon da ka shiga labari da shi, shi ne zai zame maka gida. Littafi ashirin a cikin kan sojan Ingila ba ƙaramin zama ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne shekarun nan namu ne su ma. Lokacin da Sharpe ke tattaki daga Indiya zuwa Fotugal, a nan ana Tabkin Kwatto a 1804, ana Alwasa a 1805, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Akwai dawaki masu lifidi, akwai 'yan baka da kibiya mai dafi, akwai ganuwa da yunwa da cin amana, kuma waɗanda suka halarta sun bar rubutu, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. Ba mu rasa sha'awar irin wannan labari ba. Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934 ya sa gwarzonsa ya kara da Turawa, kuma littattafan yaƙi na kasuwar Kano sun daɗe suna ƙarewa a hannun matasa. Sai dai da Ganɗoki da su, da an yi nisa sai aljanu da tsafi su karɓi ragamar. Abin da nake kwaɗayi shi ne wani ɗan baka marar asali, wanda za a bi shi littafi bayan littafi, a gaya mini kibiya nawa ke cikin kwarinsa, me ya ci a hanyar Gwandu, wa ya hana shi rabonsa na ganima.

Na san abin da zai sa marubuci ya yi jinkiri. Cornwell na iya mai da janar ɗin Faransa wawa ko azzalumi, babu wanda zai je ƙofar gidansa. A nan kuwa jikokin kowane ɓangare suna raye, wasu na kan karaga, wasu muna sallah sahu ɗaya da su. Wanda zai rubuta faɗuwar Alƙalawa sai ya fara yanke shawarar ko ɗan bakansa yana cikin ganuwa ne ko yana wajenta.