Aikin Ungozoma Da Hakkin Mai Naƙuda A Kan Mijinta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mu maza mun ɗauki haihuwa sha'anin mata ne, namu sai sayen rago da goro, alhali sau da yawa ran mai naƙuda, bayan ikon Allah, a bakin mijinta yake.

Wannan magana a wurin yayata na koye ta. Ta yi karatun jinya a Kano, ta ƙara da na ungozoma, ta yi shekara 35 tana karɓar haihuwa, mafi yawansu a ƙasar Tofa. Sa'ad da za ta shiga aikin, dangi sun yi ta tsegumi, wai 'yar malamai ba ta kwana a asibiti. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya tuna musu da Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa hema a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu da aka harbe shi a yaƙin Handak, shekara ta 5 bayan Hijira. Ya ambaci Salma matar Abu Rafi'i, wadda ta karɓi haihuwar Ibrahim ɗan Ma'aiki. Ya ce Imam Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farilla ta kifaya, to in 'ya'yanmu mata ba su koya ba, wa zai duba matanmu? Daga nan kowa ya ja bakinsa.

Ba dare ko ƙarancin kayan aiki ya fi ƙona mata rai ba, jinkiri ne. Mace za ta kwana biyu a kan gwiwa, maigida ya tafi kasuwar Dawanau ko yana wurin aiki a birni, ba wanda ya isa ya fitar da ita ba da izininsa ba. Kafin a same shi, a nemo mota, jini ya ƙare, ko jijjiga ta kama ta, ko kuwa kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, ta tashi da yoyon fitsari, ga ɗa ya tafi. Irin waɗannan bayin Allah ne ake yi wa aiki a asibitin Murtala da ke Kano da Babbar Ruga a Katsina.

Masana ma sun shaida haka. A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya fitar da bincike a kan haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya, ya nuna mace-macen sun fi yawa ainun a cikin matan da ba su je awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su.

Saboda haka ba ta tsaya a ɗakin haihuwa ba. Ta bi makarantun Islamiyya da gidajen suna tana koya wa mata alamomin hatsari: zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, matsanancin ciwon kai, da naƙudar da ta wuce yini ko kwana. Ta aika wa limamai da roƙo su sa maganar cikin huɗuba. In ta sami maigida kuwa, takan ce, "Alhaji, abu uku nake roƙo: ka bar ta ta zo awo, ka ajiye kuɗin mota a hannun Hajiya, ka kuma ba da izini tun yau, kana nan ko ba ka nan."

Wasu kan ce ai wadda ta rasu wajen haihuwa shahida ce. Haƙiƙa hadisi ya zo da haka, amma shahadar tata ce, ba ta wanke wanda ya yi sakaci da amanar da Allah Ya ba shi ba. Wanda ya yi mana bushara da wannan daraja, shi ne ya umarce mu da neman magani. Ajali ba ya jinkiri, gaskiya ne, sai dai za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo.

Don haka nake kira ga 'yan kasuwa da ma'aikata: kafin ka ɗauki jaka, bar izini da guzuri a gida. Wanda Allah Ya hore wa mota, kada ya hana maƙwabci da tsakar dare. Mai 'ya mace da ta gama sakandare kuma, ga makarantar ungozoma nan a Dambatta, ya tura ta da niyyar ibada.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya saka wa masu karɓar haihuwa da alheri, Ya ba mu ikon sauke nauyin iyalinmu, amin. Wassalamu alaikum.