Dunƙulen azurfar da Alhaji ya kawo makaranta

Wata Laraba bayan an tashi, mahaifin wata ɗalibata ya same ni a aji da wani abu naɗe cikin rawani. Dunƙulen ƙarfe ne fari mai siffar ɗan jirgin ruwa, da rubutun Sinanci a kansa. Abokin cinikinsa da ke zuwa Sin sarin kaya ne ya ba shi a madadin bashin jika 400, wai tsohuwar azurfa ce, masu tara kayan tarihi za su saya ninki uku. "Malam, yarinyar nan ta ce kun koya musu gane ƙarfe da ruwa."

Na roƙi kwana biyu, na yi karatu. Lalle Sinawa sun daɗe suna ciniki da biyan haraji da irin wannan dunƙule, har 1933 da gwamnatinsu ta soke lissafi da shi. Ma'auninsu liyang ne, kusan giram 37, babban dunƙule mai liyang 50 kuwa ya kusa kilo 2. Na gaskiya yana da alamu. Samansa na da siraran layuka masu kewaye kamar zaren siliki, sawun hucewar narkakkiyar azurfa. Gindinsa na da ramuka kamar saƙar zuma, inda iska ta fita, ba biyu masu girma ɗaya. Hatimin maƙerin kuma bugawa ake yi, shi ya sa bakinsa ke da kaifi. A na Alhaji ramukan duk kansu ɗaya, rubutun ya dushe kamar tare da ƙarfen aka zuba shi.

Amma ni ba na karanta Sinanci, idona kuma ba na dillali ba ne. Abin da na iya shi ne darasin aji. Ran Juma'a na aro sikeli da kwalbar awo, na ce ƴarsa ta yi da hannunta. Maganaɗisu bai kama shi ba, Alhaji ya yi murmushi. Na ce masa tagulla ma ba ta kamuwa. Nauyi giram 370. Santimita cube ɗaya na azurfa giram 10,5 ne, ke nan ruwa ya kamata ya hau kusan mililita 35. Ya hau 43. Ta raba a allo, ta samu 8,6, lissafin dangin tagulla. Da ya fito daidai ma ba zan rantse ba, don ana cusa dalma a ciki ta cike nauyi. Wannan ko wahalar hakan ba a yi masa ba.

Ta juyo a hankali ta ce, "Baba, ba azurfa ba ce." Abin da ya fi damuna ke nan tun daren jiya: a bakin ƴa uba zai ji an cuce shi. Ya yi shiru, ya ce ta sake. Ta sake, 43.

Ya naɗe kayansa, ya ce kada na goge allon, gobe zai zo da mutumin.